Mudun da Aka Aske wa Baki

Ku matso kusa, ku ba ni aron kunnuwanku, in na gama in mayar muku da abinku. Mai tari ya yi tarinsa yanzu, mai tambaya ya riƙe ta a baki, don ba na son a tsinka mini magana a tsakiya. Abin da zan faɗa a cikin gidana ya faru, a nan Gadarif ta ƙasar Sudan, kuma waɗanda suka gani da idonsu suna nan da ransu, in ban da mutum ɗaya.

A gidanmu akwai mudu. Ba irin na kasuwa nake nufi ba, wanda 'yan awo ke buga wa gindi don ya ƙanƙance. Mudun Annabi ne, na itace, wanda ake auna zakkar kono da shi in azumi ya zo ƙarshe, mudu huɗu ga kowane rai. Kakan maigidana ne ya taho da shi daga yamma, lokacin da suka tako ƙasa da ƙafa za su Makka. Ya je ya dawo, ƙafarsa ta gaji a nan, ya ga baƙar ƙasa mai karɓar dawa, ya zauna. An ce kafin ya baro gida sai da aka gwada mudun da na malaminsa, na malamin ma an gwada shi da na wani, haka har can inda sanina bai kai ba. Ni dai na tarar da shi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, ya sha hannu, ya sha man riɗi, yana rataye cikin jakar fata a ɗakin ciyawa na uwar mijina.

Yana da giɓi a baki. An ce raƙumi ne ya taka kayan a hanya, wani ɗan yanki ya ɓalle, zurfinsa kamar ƙwayar gyaɗa. Ranar da uwar mijina ta miƙa mini shi, tana kwance cikin ciwon da ba ta tashi ba, abu uku ta gaya mini. Kada ya ga ruwa. Kada ya kwana a gidan wani. Idan kuma za ki auna, ki toshe giɓin da babban yatsanki, in ba haka ba kin ci haƙƙin miskini. Shekara arba'in da ɗoriya ina toshewa. Ku duba yatsan, har kanta ya yi daidai wurin.

Gida goma sha bakwai ne a unguwarmu ke awo a wurina. Daga ashirin da takwas ga wata sai su fara sallama, kowa da dawarsa. Ina zaune a inuwar rakuba, wato rumfarmu ta kara, mai hatsi ya yi niyyarsa, ni in ɗiba, in share bakin da gefen hannu, in juye masa a buhu. Ba a biyana, ban kuma taɓa nema ba. Amma a unguwar nan in an ce tsohuwa ta auna, magana ta ƙare. Mai riƙon mudu kuwa ita ce ta ƙarshe. Nawa sai safiyar Sallah bayan asuba nake aunawa, haka na gada.

Sai shekarar da yaƙi ya watsa Khartum. 'Yata ta fari, wadda ta yi aure can, ta iso mana a bayan lori, ita da ɗanta da matarsa da 'ya'yansu biyu. Jikan nawa ba yaro ba ne, ya ba talatin baya, har furfura ta fara leƙo masa a gemu. Mutane sun gudo da abin da hankali ya ba su, wata da awarwaronta, wani da takardun gida, wata ma da tukunya. Shi kuwa ya sauko rungume da bargo kamar mai jego. Na miƙa hannu ina cewa, "Ashe an yi haihuwa ba a aiko mini ba?"

Ya buɗe bargon, sai ga ƙarfe.

Tsayinsa kamar damtsen mutum, da igiya a gindi kamar wutsiyar gafiya, a kansa kuma faifai mai juyawa. Injin guga ne mai aiki da lantarki, a can suna ce masa hajar nar, wato dutsen wuta. Jikan nawa samkari ne, masu gyaran jikin mota in ta loɓa. Ya zazzage mini faya-fayansa a kan tabarma kamar mai nuna lefe. Wannan mai kaushi ne kamar harshen saniya, shi ke cin tsatsa. Wannan mai ganye-ganye a jere, shi ke shiga kwana. Wannan kuma akwai soso a ƙarƙashinsa, yana lanƙwasa ya bi kumatun mota duk inda suka karkata. Na ƙarshen gashin tunkiya ne, na sheƙi.

"Habboba, wannan shi ne gonata," ya ce, don haka ake kiran kaka da Larabcin ƙasar nan.

"To angona, Allah ya kawo damina," na ce.

Damina ba ta zo ba. Motocinmu na nan lori ne da tarakta masu zuwa gonakin Simsim, laka ce kwalliyarsu, ba wanda zai tsaya a goge masa kumatu. Ya bi 'yan yankan riɗi sau ɗaya, kwana tara ya dawo da hannu duk bororo, yana tafiya kamar wanda aka yi wa kaciya da girma. Daga nan ya zauna a gida, ya juyo da gonar tasa kanmu.

Da ƙafafun angareb ya fara, gadon igiyar da nake kwana a kai. Gaskiya ɗaya zan ba shi, sun yi kyau. Duk wata gaɓa da wani wuya da masassaƙi ya fitar, faifan ya bi su bai rushe ko ɗaya ba, itacen ya fito ja kamar an haife shi jiya. Matan unguwa suka gani, suka fara kawo nasu. Da a nan ya tsaya, da yau ba ni da labarin ba ku. Amma wanda ke riƙe da abin goge, komai ya kalla tsatsa yake gani. Ya goge kujeru, ya goge gindin tukwane. Ya goge cikin turmin uwarsa har ya yi santsi, in ta saka taɓarya hatsi ya yi tsalle ya fita, kaji suka yi ƙiba a watan nan. Ya goge mini muciya ta zama siririya kamar ƙafar zalɓe, ta karye a cikin tuwo ranar da muke da baƙi.

Ga kuka. Ban taɓa jin abu mai kuka irin nasa ba, kamar an haɗa zanzaro dubu da ɗan akuya da ake yankawa. A gidajen mutane in wuta ta dawo sai ka ji ana murna, fanka za ta juya, ruwa zai yi sanyi. A gidana in wuta ta dawo, ƙaton mutum ne zai watsar da shayinsa ya ruga ɗaki, ya fito da ƙyalle a hanci yana waige-waigen abin da bai riga ya aske ba. Na taɓa ce masa, "Ranar da na yi barci da rana ka tausaya mini, kada in farka in tarar ba ni da tamoji a fuska."

Ya ce, "Wallahi Habboba, da na mayar da ke amarya."

Muka yi dariya. Da na san abin da ke tafe, da na rage dariyar.

Azuminsu na biyu a wurinmu, ranar ashirin da shida ga wata, na sauko da mudun kamar yadda na saba. Na shafe shi da man riɗi ciki da waje, na ɗora shi a kan kujera a inuwa don man ya shige shi. Sai aka aiko an yi rasuwa a wancan gefen gari. Muka yafa mayafi ni da 'yata muka tafi. Muna can wuta ta dawo.

Bayan la'asar muka shigo. Na tarar da shi tsaye a tsakar gida, hannu a baya, yana murmushi har kunne, gashin girarsa duk baƙar ƙura.

"Barka da Sallah tun ba ta zo ba, Habboba."

Ya miƙo mini wani abu fari sol, mai santsi kamar ƙwai. Na karɓa ina juyawa, ina tunanin a ina ya samo ƙwarya mai nauyi haka. Sai hancina ya gane shi kafin idona. Man riɗina ne.

Na yi salati. Na kira sunan uwarsa, tana tsaye a gefena, na ce ta zo ta ga abin da ta haifa. Hannun kakan maigida, hannun uwar mijina, nawa hannun, baƙin da ya yi shekara ɗari yana taruwa, duk ga shi a ƙasa kaji suna tonawa. Shi kuwa sai bayani yake yi, wai da mai ganye-ganye ya fara, sannan mai soso ya shiga ciki, wai irin wannan lanƙwasa ba kowane samkari ke iya binta ba.

"Ina giɓin?" na ce.

"Na gyara shi. Tamam."

To, a nan ne nawa laifin yake, kuma ba zan ɓoye shi ba. Na sha ganinsa yana cike tsagar ƙafar gado da wani ƙulli da suke ce wa ma'ajun, ya bushe, ya goge, ba ka gane wurin. Sai na ɗauka haka ya yi wa giɓin. Idona yana da yana, ba na ganin abu sosai. Amma bakina lafiyarsa lau, da na tambaya da an gaya mini. Ban tambaya ba. Kuma da fushin ya kwanta, na sake shafa shi, na ji santsin a tafin hannuna, sai wani abu a zuciyata ya ce, ai kuwa ya yi kyau. Tsohuwa da jikoki, santsi ya ruɗe ta kamar 'yar shekara bakwai da aka ba madubi.

Kwana biyu ina awo da shi. Mata suna ta tafa hannu, wai mudu ya yi kayan Sallah. Duk ɗibar da zan yi, babban yatsana sai ya tafi neman wurinsa, ya zagaya baki ya dawo ba aiki. Akwai wata gwauruwa a bayan gidanmu mai sayar da kisra, wainar dawa ta mutanen nan mai faɗi kamar takarda, harshenta ya fi faifan jikana kaushi. Tun muna amare muke tare, ba mu taɓa shiri ba, ba mu kuma taɓa rabuwa ba. Da na juye mata nata, ta ɗaga buhun ta jijjiga.

"Yaya, mudun nan naki wanka ya yi ko jinya? Kamar ya rame."

"Idonki ne ya rame," na ce. "Ɗauki hatsinki, akwai mutane a bayanki."

Ta ɗauka ta tafi. Da ma na saurare ta.

Safiyar Sallah na idar da asuba, na shimfiɗa tabarma, na jawo buhuna. Mu shida ne a gidan. Ni nawa ba a buhu nake juyewa ba. Ina da wani tsohon kwano mai jan layi a ciki, shi nake zuba wa na kowane rai daban, don in san wanda zan kai wa. Tun maigida yana da rai, mudu huɗu daidai layin nan yake tsayawa, ba ya haurawa, ba ya gazawa. Na zuba ɗaya, biyu, uku, huɗu. Na shafa da hannu. Layin yana sama, hatsi yana ƙasa, tsakaninsu ya kusa kaurin yatsa.

Na ce ƙidaya ce ta ɓace mini. Na juye na sake. Na sake na uku, ina ƙirgawa da ƙarfi kamar mai koya wa yaro. Kwano bai canza magana ba.

Na saki mudun a kan tabarma. Gida goma sha bakwai. Mutanen da suka yi wata guda suna shan ƙishirwar Gadarif, suka kawo mini hatsinsu don su fita haƙƙin Allah, na sallame su da awo gajere. Mafi yawansa kuma an riga an kai makarantar da 'yan gudun hijira suke zaune, masu jiran wannan dawa su ɗora tukunyar Sallah. Zakkar kono kuwa kafin a tayar da sallar idi ake so ta fita, ga gari ya fara haske.

Na ƙwala masa kira. Ya fito cikin sabuwar jallabiya fara, yana ƙamshin turare.

"Zo nan, mijin ƙarfe. Da me ka cike giɓin?"

"Ban cike ba, Habboba. Ma'ajun ba ya zama a bakin abu, zai ɓalle. Sai na bi bakin duka na sauke shi daidai da gindin giɓin. Haka ake yi, in wuri ɗaya ya faɗa sai ka daidaita sauran da shi."

"Wato da ka ga mutum mai giɓi, sai ka fasa masa sauran haƙoran don baki ya yi daidai."

"Ai kaɗan ne na ɗauke. Kuma ciki ma na ci, ya ƙara faɗi. Abin da baki ya rasa, ciki ya samu."

Na tura masa kwanon da ƙafa. "Gaya wa wannan. Shi ba ya jin Larabcin Khartum."

Ya duƙa ya kalli layin. Ya auna da kansa. Murmushin da ya kwana huɗu a fuskarsa ya sauka. Uwarsa ta ɗora hannu a ka, ta fara cewa ai yaro ne, bai sani ba. Na ce mata yaro mai furfura sai a gidanki.

Ban tsaya sa kayan Sallah ba. Da zanen da na kwana na fita, na nufi gidan liman. Tsoho ne sa'an maigidana, na same shi a ƙofar gida yana shan shayi, rawaninsa a gwiwa bai naɗa ba tukuna. Na gaya masa komai a tsaye. Ya saurara har na gama, ya tambayi nawa ya gaza. Na ce na gwada, cikin hannuwana biyu sau ɗaya, mai tozo, yana cike na rai guda.

"To Hajiya, abin da aka bayar ya bayu. Saura a cika."

"Ina da buhu guda da ɗan ƙanen maigida ya aiko mini daga Simsim. Yanzu zan sa a kai shi makaranta gaba ɗaya, ya cike na kowa har ya yi saura."

Ya girgiza kai. "Wannan sadaka ce za ki yi, Allah ya ba ki lada. Amma zakkar mutum ba ta fita sai da saninsa. Ko su cika da kansu, ko su ce sun yarda ki cika musu. Kowane gida sai ya ji."

"To ka faɗa a lasifika."

Ya nuna mini fitilar zaurensa da haɓa. Ba wuta. Ranar da za a yi ɓarna ta zo da gudu ba a kira ta ba, ranar gyara kuwa ta tafi yawon Sallah.

"Ki tafi ƙofa ƙofa," ya ce. "Ni kuma yau gwiwata tana ciwo. Rawanin nan ma ban san yadda zai naɗu da wuri ba."

Na gane jinkirta mana sallar zai yi. Allah ya jiƙan mutumin nan.

Na koma gida na ce wa angon nawa ya ɗauki buhu. Ya ce bari ya canza riga. Na ce a cikin wannan farar za ka ɗauka, ai kai mai son fari ne. Na ba matarsa buhun wofi ta riƙe, muka fita, ni a gaba, buhun dawa a kafaɗarsa.

Ku da ba ku taɓa yi ba, ba za ku san nauyin maganar nan ba. Shekara arba'in mutane ke zuwa ƙofata, ranar nan ni ce a ƙofarsu da sassafe, ina cewa, "Awon da na yi muku bai cika ba. Ku nawa ne? Kun yarda in cika?" Sau goma sha bakwai zan faɗe ta, kuma ba ta yi sauƙi ba ko sau ɗaya. Wani dattijo ya yi dariya har ya riƙe bango, ya ce a cika, a kuma gaishe masa da injiniya. Wata amarya ta fashe da kuka, wai azuminta na farko a gidan miji ya lalace, sai da na tsaya rarrashi, rana tana hawa. Wani ko fitowa bai yi ba, daga banɗaki ya ɗaga murya ya ce shi ya fitar ya gama, alhaki yana wuyan mai awo. Na ce na ji, yana wuyana, ka dai ce ka yarda. Ya ce ya yarda. Duk gidan da aka amsa, sai in sa hannu biyu in ɗiba, rai ɗaya ɗiba ɗaya, in zuba a buhun wofi.

Mai kisra tana tsaye a ƙofarta tun kafin mu iso, labari ya riga mu. Ta sha lalle, ta ɗaura sabon zane, ta riƙe ƙugu.

"Yaya, ashe ba idona ne ya rame ba."

"Ba shi ba ne. Ku nawa ne?"

"Uwar mijinki shekara hamsin ta yi tana awo da giɓi, ba a taɓa binta da ciko ba. Ke kin samu mai sheƙi."

Ba ƙarya ta yi ba. Na sa hannu a buhuna zan ɗiba, ta buge mini hannu.

"Ajiye. Ba za ki cika mini azumina da hatsinki ba, ina da nawa." Ta shiga ta fito da ƙwarya, ta zuba na mutum biyar da hannunta, ta ƙara ɗaya. Sannan ta dubi jikana, gumi ya jiƙa shi, jar ƙurar dawa ta ɓata farar rigar tun daga wuya. "Kai kuma ɗan Khartum, in an sauko idi ka biyo da abin naka. Ina da dutsen niƙa, ya cika kaushi, a mayar mini da shi madubi in riƙa kallon yunwata a ciki."

Ta ja ƙofarta, ta biyo mu. Ita ta riƙa yin gaba tana buga ƙofofi, kafin in iso an riga an ƙirga rayuka. Ba don ita ba da ba mu gama ba, kuma har yau ba ta bar ni na manta ba.

Gida na goma sha bakwai muka tarar da kwaɗo a ƙofa. Na wani direban lori ne, mai rai goma sha ɗaya. Ya auna tun shekaranjiya, ya bayar, ya kwashi iyalinsa sun tafi garin Ƙala'at an-Nahal yin Sallah wurin uwarsa. Jikana ya ajiye buhu ya fito da waya, ya kira, ya sake kira, ya ɗaga ta sama kamar mai roƙon ruwa. Ba ta shiga ba. Na tsaya ina kallon kwaɗon nan. Hatsi yana hannuna, masu shi suna bayan duwatsu, ba wanda zai ce mini ya yarda. Daga filin idi kabbara ta fara tasowa.

Muka bar shi muka nufi makaranta, ni ina jan ƙafa, mai kisra tana jan ni. A bakin wani aji muka samu wata mata 'yar yankin Jazira tana hura wuta, ita ke raba musu abin da aka kawo. Jikana ya sauke buhun cikon a gabanta. Ta dube mu, tsofaffi biyu da ƙaton mutum mai jar riga, ta ce wannan kuma daga wane gida? Na ce daga gida goma sha shida, naku ne, ya makara a hanya. Ta sa hannu ta karɓa. Ba mu kai ga fita daga harabar ba muka ji liman ya tayar da salla.

Ban samu idin ba. Tun da na yi wayo ban taɓa rasa shi ba sai ranar. Na zauna a gindin katangar makaranta da zanen kwanana, ina jin kabbarorin daga nesa. Jikana ya tsuguna a gefena.

"Habboba, tun da na zo gidanki ci kawai nake yi. So na yi in ba ki wani abu da hannuna."

Na dube shi. Kafaɗarsa ta goge har ta yi jini a inda buhu ya zauna.

"Ka ba ni," na ce. "Tashi ka kama ni, ƙafata ta mutu."

Direban lori ya dawo bayan kwana shida. Na je da kaina na gaya masa. Ya cika na mutum goma sha ɗaya a ranar, liman ya ce ta fita, sai dai ta fita a makare. Bai zage ni ba. Amma tun daga lokacin a kanti yake sa a auna masa da sikeli, in mun haɗu kuma gaisuwarsa gajera ce.

Liman ya aika aka kawo wani tsohon mudu daga Ƙala'at an-Nahal, wanda aka taɓa gwadawa da namu tun zamanin iyaye. Ya sa aka yanka gwangwani daidai da shi, aka ajiye a masallaci. Bai ga azumin da ya biyo ba, Allah ya karɓi abinsa bayan babbar Sallah. Gwangwanin yana nan, da shi unguwa ke awo yanzu, kowa ya ɗiba da kansa.

Da azumi ya zagayo, gida huɗu sun yi mini sallama da dawarsu don kara. Na gode musu, na nuna musu hanyar masallaci. Mai kisra tana cikinsu. Ta ce dama ta zo ne ta ga ko zan karɓa. Tana nan, ƙafa ta fara gazawa, harshen bai gaza ba.

'Yata ta sayi sabon turmi, ta ɗaure shi da igiya a cikin ɗaki kamar akuya.

Jikana wani kafinta a bakin kasuwa ya ɗauke shi, yana goge masa ƙafafun gado da hannun kujeru. An ce layi ake yi. Shi ke ciyar da gidan yanzu, ina ci, ban ce ya fi na da daɗi ba. Sau biyu yana roƙona in ba shi mudun ya ɗora masa sabon baki, wai ya samu dabara. Na ce masa dabararsa ta farko ma ba mu gama cinye ta ba. Injin kuwa ba ya ƙetare ƙofar gidana, a shago yake kwana.

Ni kuma ga ni. Mudun yana rataye a jakarsa ta fata. Duk ashirin da shida ga azumi ina sauko da shi, in shafa masa man riɗi, in zauna a gabansa har ya sha, ko wa ya mutu a gari sai dai a yi mini uzuri. Ya fara yin duhu kaɗan, kamar ruwan shayi. Ba zan ga baƙinsa ba. Ban kuma san wadda zan miƙa wa shi ba, don abu ukun da aka gaya mini, biyu kawai suka rage da zan faɗa mata.